Jinina ya ƙaru, ƙafafuna kuma suna ta mutuwa: fama da ƙarancin bitamin B12

Assalamu alaikum. Ni malamar makarantar sakandare ce, uwar 'ya'ya uku, kuma ina ɗauke da wata lalura da zan ci gaba da yi wa allura har ƙarshen rayuwata. Ƙarancin jini ne, amma ba irin wanda muka saba da shi ba. Jikina ne ya daina tsotsar bitamin B12 daga abinci. Maganinsa ba shi da tsada, an kuma daɗe da saninsa, amma kafin in samu a yi mini shi yadda ya kamata na rasa wani ɓangare na jin ƙafafuna. Shi ya sa na ga ya dace in rubuta, musamman saboda mata.

A gidan da na tashi nono ba ya yankewa. Dangin mahaifiyata makiyaya ne, fura da nono kusan kullum, ƙwan zabi da damina, nama duk ranar kasuwa. Na faɗi wannan ne domin B12 a cikin abin da ya fito daga dabba kawai ake samunsa: nama, hanta, kifi, ƙwai, madara da nono. Babu shi a zogale, babu shi a rama, babu shi a wake. Duk wanda ya san yadda na tashi ba zai kawo wa ransa cewa ina da ƙarancinsa ba. Abin da babu wanda ya lura da shi shi ne kakata ta wajen uwa tana da fararen tabo a hannuwa da gefen baki, wata gwaggona kuma ta yi fama da maƙoƙo. Daga baya likita ya tambaye ni irin waɗannan, domin cututtukan da garkuwar jiki ke juyowa ta yaƙi mai ita sukan bi dangi.

Abin ya fara ne bayan haihuwata ta uku, ina da shekara talatin da 'yan kai. Kasala ce ta fara zuwa, wadda barci ba ya raba ni da ita. Sai haki idan na hau matakalar aji, sai bugun zuciya da nake ji har cikin kunne in na kwanta. Harshena ya yi ja, ya yi santsi, yaji kaɗan sai in ji kamar an zuba mini garwashi, abinci ya fita daga raina. Gaɓoɓin yatsuna da tafin hannuna suka yi baƙi, har wata abokiyar aiki ta ja ni gefe ta ce in rage shafa man bilicin, ni da ban taɓa shafawa ba. Wannan baƙin gaɓoɓi alama ce sananniya ta ƙarancin B12, kuma ta fi bayyana a jikin baƙar fata.

Duk inda na je amsa ɗaya ce, maleriya da taifot. Gwajin Widal guda ɗaya ba ya tabbatar da taifot a ƙasa irin tamu da mutane da yawa sun taɓa haɗuwa da ƙwayar cutar, amma da shi aka yi ta ɗora ni a kan magunguna. Da aka duba PCV, wato awon yawan jini, aka ga 24, sai aka ce ai mai shayarwa ce, jini ne ya yi ƙasa. Aka ba ni fesolet, wato ƙwayar sinadarin ƙarfe, da 'yar ƙaramar rawayar ƙwayar nan ta folik asid mai miligiram 5, da kwalbar tonik. A gida kuma Inna ta haɗa ni da ruwan karan dafi da zoɓo.

A nan ne babbar ɓarnar ta faru, kuma ina so a fahimce ta sosai. Ɓargo yana buƙatar folik asid da B12 duka biyun kafin ya ƙera jajayen ƙwayoyin jini. Idan B12 ya yi ƙaranci aka ɗura wa mutum folik asid mai yawa, ɓargo yakan samu hanyar ci gaba da aiki, jini ya ɗan hau. Amma B12 yana da wani aiki na biyu da folik asid ba ya iya yi masa: shi ke kula da rufin da ke lulluɓe jijiyoyi da laka, kamar robar da ke jikin wayar lantarki. Jini yana hawa a takarda, kowa yana murna, rufin nan kuwa yana ci gaba da zaizayewa. Nawa PCV ɗin ya kai 31, aka ce Alhamdulillahi, a ci gaba da magani. A daidai wannan lokacin ne yatsun ƙafata suka fara yi mini kamar kiyashi na yawo a ciki, duka ƙafafu biyun a tare.

Daga yatsu abin ya hauro idon sawu. Silifa yakan zame daga ƙafata in yi taku biyu ban sani ba. Tafiya cikin duhu ta gagare ni, idan aka ɗauke wuta sai na dafa bango. Wajen alwala, da na rufe ido zan wanke fuska sai in yi tangaɗi. Dalili shi ne jijiyoyin da ke gaya wa ƙwaƙwalwa inda ƙafa take su ne suka fara lalacewa, ido ne ya rage yana riƙe da mutum, da an rufe shi sai jiki ya rasa madogara. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne mantuwa. Sunayen ɗaliban da na koyar shekara da shekaru suka riƙa ɓace mini, a salla in rasa raka'a ta nawa nake. Na zama mai saurin fushi da kuka ba dalili. Maigida ya yi haƙuri iya haƙuri, amma ina ganin tsoro a idonsa.

Da aka rasa bayani sai aka koma zancen iska da sammu. An yi mini ruƙiyya, an ba ni rubutu na sha. Ban raina addu'a ba, ita ta riƙe zuciyata a lokacin da nake tunanin haukacewa zan yi. Abin da ya ɓata mini rai shi ne masu cewa raki ne kawai, ko kishi ne ke damuna don ana raɗe-raɗin maigida zai ƙara aure. A wani asibiti ma an rubuta mini maganin damuwa ba tare da an taɓa ƙafata ba. Mace idan ta ce ta gaji, da wuya a ɗauke ta da muhimmanci.

Da na gaji da shan ƙwayoyin na ajiye su, jinin ya sake faɗuwa, idona ya yi ɗan rawaya-rawaya har aka fara zancen shawara. Aka kwantar da ni, aka ce a nemo jini leda biyu. Wani matashin likita da ke kwana a ɗakin ne ya ce kafin a ɗaura jinin a ɗebi nawa a ajiye, domin da zarar jinin wani ya shiga, gwajin ba zai ƙara nuna gaskiyar abin da ɓargona ke yi ba. Ya kuma sa a ƙara jinin a hankali, saboda zuciyar da ta daɗe tana aiki da jini kaɗan ba ta jure a cika ta da sauri. Washegari ya zo da wani ɗan ƙarfe mai baki biyu, ya buga shi ya ɗora a ƙashin idon sawuna.

"Malama, kina jin yana rawa?"

"Likita, sanyinsa kawai nake ji."

Ya ɗora a gwiwar hannuna, nan take na ji zirrr. Ya kama babban yatsan ƙafata, ya ce in rufe ido in faɗa masa sama ya yi da shi ko ƙasa. Na kasa. Shi ne mutum na farko da ya haɗa maganar jinina da maganar ƙafafuna wuri ɗaya.

PCV adadin jini kawai yake faɗa, ba ya faɗin dalili. Cikakken gwajin jini, wanda ake rubutawa FBC, shi ke nuna girman ƙwayoyin a wani layi mai suna MCV. Na mai lafiya yana tsakanin 80 da 100. Mai ƙarancin sinadarin ƙarfe nasa yakan yi ƙasa da 80, ƙwayoyinsa ƙanana. Mai ƙarancin B12 ko folik asid nasa yakan haura 100. Nawa 112 ne. Da an yi wannan gwajin tun farko da an ga ba fesolet nake buƙata ba. Amma a kula, MCV yana iya fitowa daidai alhali cutar tana nan, idan mutum ya haɗa da ƙarancin ƙarfe ko ya daɗe yana shan folik asid. Wasu ma jijiyoyinsu ke fara lalacewa jininsu bai faɗi ba sam. Shi ya sa ake shafa jinin a gilashi a duba da madubin likita, a kuma auna B12 ɗin kansa. Ƙasa da 200 a ma'aunin pg/mL ana ɗaukarsa ƙaranci, tsakanin 200 da 300 kuwa ana shakka, sai a ƙara da gwajin MMA ko homosistin, wato sinadarai biyu da ke taruwa a jini idan B12 ya yi ƙaranci, inda ake da su. Nawa bai kai 100 ba. Asibitin ba sa yin gwajin, sai da aka kai jinin wani ɗakin gwaji mai zaman kansa. Kuma dole a ɗebi jinin kafin allurar farko, in ba haka ba kuɗin gwajin ya tafi a banza.

Saura tambayar me ya jawo. Tumbi yana fitar da wani sinadari da ke kama B12 ya kai shi can ƙarshen ƙaramin hanji, inda ake tsotse shi. A wurina garkuwar jiki ce ta lalata ƙwayoyin tumbin da ke yin wannan sinadari. Buƙatar babban mutum a rana ba ta wuce maikirogiram 2.4 ba, hanta kuma tana ajiye abin da zai kai shekara uku zuwa biyar, don haka cutar takan daɗe tana ci kafin a ga alama. Akwai gwajin jini da ke neman sojojin garkuwar da ke yaƙar sinadarin. Idan ya nuna akwai, magana ta ƙare. Idan bai nuna ba, ba a wanke mutum ba, domin kusan rabin masu cutar ba ya nunawa a jikinsu. Littattafan da aka koyar da likitoci da yawa da su suna kwatanta ta a matsayin cutar tsofaffin Turawa, amma binciken da aka yi a Amurka tun shekarun 1970 ya nuna tana kama mata baƙar fata da ƙuruciyarsu. Ina zargin wannan tsohon karatun yana cikin abin da ya sa ba a yi tunaninta a kaina ba.

Da Inna ta ji bayani sai ta ce to a riƙa gasa mini hanta kullum. Ba ta yi nisa da gaskiya ba. Kafin 1926 wannan cuta kisa take yi, sai wasu likitoci biyu a Boston, George Minot da William Murphy, suka gano cewa ciyar da majiyyaci hanta mai yawa kullum yana tashinsa. Sun samu kyautar Nobel a 1934 tare da George Whipple, sannan a 1948 aka ware bitamin ɗin kansa. Hantar ta yi aiki ne saboda kusan kashi ɗaya cikin ɗari na B12 yana ratsa hanji da kansa ko babu sinadarin tumbi. A kan wannan aka gina manyan ƙwayoyin sha masu maikirogiram 1000 zuwa 2000. Amma wanda abin ya riga ya taɓa masa jijiya, da allura ake fara masa.

Na ɗauka wahala ta ƙare. Ashe rabinta ke nan.

Allurar da aka fi amfani da ita iri biyu ce a kasuwa, a jikin kwalba za ku ga an rubuta hydroxocobalamin ko cyanocobalamin, ruwanta ja ne, kuma abin da ake nema shi ne miligiram 1, wato maikirogiram 1000, a tsoka. Tsarin da ake bi a Ingila da ta farkon shi ne: wanda jijiyarsa lafiya, sau uku a mako har mako biyu, sannan duk wata biyu zuwa uku. Wanda jijiyarsa ta taɓu kuwa, kwana ɗaya a yi kwana ɗaya a huta, har sai an ga sauƙin ya daina ƙaruwa, sannan duk wata biyu. Ta biyun ba ta daɗewa a jiki kamar ta farko, don haka bayan alluran farko duk wata ake yin ta. Ni da ko tsayuwa ido rufe ba na iyawa, sai aka sallame ni da tsarin mako biyu, kuma ba a rubuta a katina cewa abin na har abada ba ne. Likitan da ya gano cutar an riga an mayar da shi wani sashe.

Duk da haka sauƙin farko ya ba ni mamaki. Cikin mako guda kaina ya washe, harshena ya daina zafi, na ci tuwo da miyar kuka har na nemi ƙari. Ɓargo yakan farka da ƙarfi a kwanakin nan, shi ya sa ake lura da sinadarin fotasiyam ga wanda jininsa ya faɗi sosai, don yana iya sauka. Jini yakan cika cikin wata biyu. Jijiya ita ce mai nawa, takan ɗauki wata shida zuwa shekara, kuma a farkon magani kiyashin nan ya ƙaru mini kafin ya fara raguwa. Ba wanda ya gaya mini haka zai iya faruwa, na kwana ina kuka ina zaton allurar ce ba ta karɓe ni ba.

Sai matsalar samun allurar. A kyamis da yawa idan ka ce B12 sai a miƙo maka bi-kwamfiles, a ce ai duk ɗaya ne. Ba ɗaya ba ne. Yawancin bi-kwamfiles B1 da B2 da B6 ne a ciki, B12 ɗin ko babu ko ɗan kaɗan ne. Akwai kuma allurar da ta haɗa B1 da B6 da B12, wadda B12 ɗinta ya isa, sai dai B6 mai yawa idan aka daɗe ana ɗura shi shi ma yana lalata jijiya, don haka ba ita ce ta zaman shekaru ba. Yanzu ba na karɓar kwalba sai na karanta sunan da adadin da ke jiki, na duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa. Haske yana kashe ƙarfinta, saboda haka a cikin kwalinta nake ajiye ta, a wuri mai sanyi. Wadda aka shanya a kanta rana tana dukanta ba na saye.

Abin da ya fi ƙona mini rai ya faru ne bayan na samu sauƙi. Na je a sabunta mini takardar allura, likitan da na tarar ya ce a sake auna B12. Sakamako ya fito sama da 1500. Ya ce, "Hajiya, ai kin warke, har ya yi miki yawa. A dakatar da allura, ki riƙa cin nama." Na ce masa tumbina ne ba ya tsotsa, ya ce in bar aikin likita ga likita. Gaskiyar magana ita ce duk wanda ake yi wa allura dole a ga adadin ya yi sama, wannan allurar ce ake gani a jini, ba warkewar tumbi ba. Rarar kuma fitsari ke fitar da ita, har yakan yi ɗan ja bayan allura. Ƙa'idar da hukumar NICE ta Ingila ta fitar a 2024 ta faɗi ƙarara cewa mai irin wannan ciwon tumbi allurarsa ta har ƙarshen rayuwa ce, kuma ba a maimaita gwajin ga wanda ke kan allura. Da yadda majiyyaci yake ji ake auna ko magani yana aiki.

Aka dakatar. Bayan wasu watanni kasala ta dawo, kiyashin da ya sauka zuwa yatsu ya sake hawowa, wannan karon har da hannuwa, alli yana faɗuwa daga hannuna a gaban ɗalibai. A nan na yanke shawarar ba zan ƙara yawo tsakanin likitocin da ba su san tarihina ba. Na sayar da 'yan kunnena na zinariya, na nemi a tura ni wurin likitar jini a asibitin koyarwa. Ta saurare ni har na gama, ta mayar da ni kan allurar kwana ɗaya bayan ɗaya, ta kuma rubuta mini wasiƙa mai hatimi da ke ɗauke da sunan cutar, da sakamakon gwajin farko, da cewa kada a dakatar da allura saboda an ga adadi ya hau. Na yi hotonta a waya, na sa asalin a leda.

Ita ce kuma ta duba abubuwan da aka tsallake. Ta auna ajiyar sinadarin ƙarfe ta ga ta ƙare, domin ɓargon da ya farka ya cinye ta, tumbin da ya lalace kuma ba ya fitar da ruwan tsamin da ke taimakawa a tsotsi ƙarfe. Sai a lokacin fesolet ya zama maganina na gaskiya. Ta sa a auna aikin tayirod, ƙullin nan na maƙogwaro, saboda cututtukan biyu sukan zo tare. Ta tura ni a zura na'ura a leƙa tumbina, domin masu wannan cuta haɗarin kansar tumbi ya ɗan fi yawa a kansu. Ta tambayi yaron da na shayar ina cikin ciwo, tunda nonon uwa mai ƙarancin B12 shi ma ba ya ɗauke da isasshe, kuma jariri yana iya yin laushi ya makara wajen zama da rarrafe. An duba shi, Allah ya kiyaye. Ta kuma gargaɗe ni cewa duk ranar da za a yi mini tiyata in gaya wa mai sa barci, saboda akwai iskar sa barci da ake shaƙa, naitiros oksaid, da ke kashe B12 ɗin da ke jiki.

Ba kowane mai ƙarancin B12 ne irina ba. Mai ciwon suga da ya shekara da shekaru a kan metfomin yana iya samunsa, kuma sau da yawa sai a ɗora mutuwar ƙafarsa a kan sugan kawai. Haka mai shan omefirazol kullum saboda olsa, da wanda aka yanke wa wani sashe na tumbi ko hanji, da tsofaffi, da wanda talauci ya raba da nama da nono. Wanda nasa daga abinci ne, ƙwayar sha takan ishe shi, kuma yana iya dainawa idan cimarsa ta gyaru. Surukata tana kan metfomin, ta daɗe tana kukan tafin ƙafa. Na matsa aka auna ta, aka samu nata ma ya yi ƙasa.

Yau ina koyarwa cikakken lokaci, mantuwar ta tafi, baƙin yatsun ya washe. Wata nas a unguwarmu ke yi mini allurar a saman ɗuwawu ta gefen waje, da sabon sirinji kowane karo, da azumi kuma bayan an sha ruwa. Da na lura kiyashin yana dawowa kafin wata biyu su cika, likitar ta matso da ita zuwa duk wata. Yatsun ƙafata da rabin tafin ba su dawo ba, ta ce jijiyar da ta daɗe a lalace ba lallai ta farfaɗo duka ba. Saboda haka ba na tafiya ba takalmi, ruwan wanka da gwiwar hannu nake gwada zafinsa, kuma kowane dare nakan duba tafin ƙafata da tocila ko ƙaya ta shiga ban ji ba.